Sihiri da binciken kisa a labari ɗaya

Ka tambaya ko labarin makarantar koyon sihiri zai iya ɗaukar binciken kisan kai, alhali mai sihiri yana iya ɓacewa ko ratsa bango. Zai iya, amma damuwarka tana da tushe, domin tun a 1929 marubucin Ingila Ronald Knox ya tsara ƙa'idoji goma na labarin bincike, ta biyunsu kuwa ta haramta amfani da sihiri da sauran abubuwan gaibu wajen warware laifi. Abin da yake karewa shi ne haƙƙin mai karatu na gano mai laifi da hankalinsa.

A ganina, makarantar ce da kanta take magance matsalar, saboda darasi hanya ce ta sanar da mai karatu iyakar sihirin tun kafin a tsinci gawa. A ce a babi na biyu malama ta koyar cewa layar zana tana ɓoye jiki amma ba ta ɓoye sawu, kuma tana barin sanyi a yatsu har wayewar gari. Idan daga baya aka ga sawun jiƙaƙƙen takalmi a ƙofar ɗakin karatu, washegari kuma wani ɗalibi ya kasa riƙe alƙalami, mai lura ya riga ya samu hujjarsa. Abin da ba na yafe wa marubuci shi ne ya fito da sabon tsafi a shafin ƙarshe. Makarantar kwana kuma tana taƙaita waɗanda ake zargi, tunda da daddare ana kulle ƙofa, kowa yana ciki.