Kare ya dawo da tari daga gidan ajiya, laifin waye?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Tafiya ce ta kama mu ni da maigida, ba wanda za mu bar ma karenmu, sai muka kai shi irin gidajen nan da ake biya su riƙe maka kare har ka dawo. Ya yi wajen sati biyu a can. Da muka ɗauko shi naga ya rame, jikinsa na wari, muryarsa ta dishe, ya zo gida ba abun da yake sai bacci, bayan kwana uku kuma sai tari, wani irin busasshen tari sai ka rantse wani abu ne ya maƙale masa a wuya, yana yi yana kakari. Na kira su suka ce wai lafiyarsa ƙalau ya bar hannunsu. Maigida yace mu je mu yi musu tas su dawo mana da kuɗinmu, ni kuma ban san ko muna da gaskiya ba.
Daga wata mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ɗan tausar da maigida tukuna, dan abubuwan da kika lissafo ba duka ne laifi ba, wasu kuma laifi ne babba, sai an rarrabe.

Tarin nan da kika kwatanta sananne ne, har sunan tarin gidan karnuka ake kiransa dashi. Yawanci wata bakteriya ce mai suna Bodetela ke kawo shi, sau da yawa tare da wasu bairos na hanyar numfashi, kuma a iska yake yawo, kare ɗaya ya yi tari ko atishawa na kusa dashi su shaƙa, ko su sha ruwa a kwano ɗaya, shikenan. Kamar dai yadda mura ke zagaye aji guda na yara ne. Daga kamuwa zuwa fara tarin yana ɗaukar kwana 2 zuwa 14, kinga kenan zai iya yiwuwa gaskiya suka faɗa miki cewa bai yi tari ko sau ɗaya a gabansu ba, kuma duk da haka a wajensu ya kwaso. Ko gidan da ake wankewa safe da yamma yana iya samun wannan matsalar, tsabta tana ragewa ne kawai. Abun da nake so ki tuna shine, ranar da kuka kai shi sun tambaye ku katin rigakafi? Akwai rigakafin wannan tarin, wani a hanci ake ɗiga shi, baya hana kamuwa ɗari bisa ɗari amma yana sa ciwon ya zo da sauƙi. In basu tambaye ku komai ba toh nan ne laifinsu yake, sabida yadda basu tambaye ku ba haka basu tambayi mai karen da ya shafa ma naku ba.

Yawanci tarin kan wuce da kansa cikin sati 1 zuwa 3. Ki cire masa abun wuya in za ki fita dashi ki sa masa irin ɗamarar nan ta ƙirji, dan jan wuya na tayar da tarin, ki kuma raba shi da sauran karnuka har sai sati biyu bayan ya daina. Amma in ya ƙi abinci, ko majina mai kauri ta fara zubo masa, ko numfashi na masa wuya, ko zafin jikinsa ya haura digiri 39.5 (na lafiyayyen kare tsakanin 38 ne da 39.2) kar ki jira gobe, likitan dabbobi kawai, dan yana iya sauka huhu ya zama nimoniya. Kuma dan Allah kar a ba shi maganin mutane, ibuprofen kaɗai na iya lalata ma kare ciki da ƙoda.

Dishewar murya da baccin nan ni basu dame ni ba. Haushi ya sha yi, wajen akwai hayaniya sosai, an auna ƙarar wasu gidajen karnuka ta wuce desibel 100 a ma'aunin ƙarfin ƙara, kare baya samun baccin kirki a irin wajen sai ya dawo gida ya rama. Rama kaɗan ma ana samu dan da yawansu basa cin abinci sosai a kwanakin farko sabida damuwa. Warin jikin ne ya tsaya min a rai. In warin fitsari ne, kuma kika ga gashin cikinsa da ƙafafunsa ya yi ɗorawa-ɗorawa ko fatar ta yi ja, toh a kan fitsarinsa yake kwana, wannan kuma ba uzuri, sakaci ne. Ki duba cikin kunnensa da tsakanin yatsunsa ko akwai kaska. Akwai wata jar kaska ta karnuka da ke iya yin rayuwarta gaba ɗaya a cikin gini, macen ta zuba dubban ƙwai a tsagar bango, kuma tana ɗauke da cutar jini wadda sai bayan sati 1 zuwa 3 da cizon za ki ga zazzaɓi, dasashi ya yi fari, wani lokacin har haɓo. Ki ɗauki hoton duk abun da kika gani, ki karɓi takarda daga likita, sannan ku je musu da ita cikin natsuwa ku nemi su nuna muku littafin da suke rubuta cin abincinsa da fitarsa na kullum. Masu gaskiya za su ɗauko, marasa ita za su fara kame-kame, daga nan kun san da wa kuke magana.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ban taɓa kai kare ajiya ba, wannan ne karon farko. Na je waje biyu, na farkon sun cika min ciki da tambaya, sai na kawo kati, sai an yi allura sati biyu kafin ranar, ga wani dogon fom, wai har sai ya zo ya kwana ɗaya na gwaji. Na biyun kuwa mutumin kirki ne, yace in kawo shi ko yau, sai dai bai bari na shiga ciki ba wai karnukan za su tayar da hankali. Zuciyata ta fi kwanciya da na biyun gaskiya. Karen Jaman Shefad ne babba.
Daga wani mai karatu

AMSA: Haba ɗan'uwa, ai waɗanda suka cika maka cikin nan su ne mutanenka. Duk wahalar da suka baka ita suka ba mai karen da zai kwana a kejin da ke jikin naka. Sati biyun nan ba dan su ja maka rai bane, jiki na buƙatar lokaci kafin allura ta fara aiki. Kuma ba tari kaɗai ake gudu ba, akwai fabo, bairos ɗin da ya ɓulla a karnuka a 1978, mai sa amai da gudawar jini yana kashe ƴan kwikwiyo cikin kwanaki, yana iya zama a ƙasa wata da watanni da ransa, sabulu baya kashe shi sai irinsu bilic, ruwan nan da ake faranta kaya dashi, kashi 1 cikin ruwa kashi 30, shima bayan an kwashe kashin an wanke wajen. Ga distemfa, wata cutar bairos ta karnuka, ga ciwon haukan kare wanda shi har mutum yake kashewa. Wanda yace kawo shi ko yau bai san me ke shigo masa gida ba.

Maganar hana shiga kuwa, gani ya kori ji. Eh gaskiya ne baƙo na sa karnuka haushi, kuma suna da damar su ce ka zo ƙarfe kaza kar ka taɓa kowane kare, amma a ce sam ba za ka ga inda naka zai kwana ba, ni dai ba zan bar ko kyanwa a nan ba. In ka shiga hancinka zai fara gaya maka, warin kare daban, warin tsohon fitsari mai yaji a ido daban. Ka leƙa kwanon ruwa, in kaga gansakuka kore a gindinsa toh ƙara ruwa kawai ake a kai ba a wankewa. Ka kalli ƙasan kejin ko ruwa na kwanciya, ko akwai busasshen waje da zai kwanta nesa da inda yake kashi, ko iska na ratsawa. Zafi ba abun wasa bane ga kare tunda da haki yake sanyaya jikinsa, masu gajeren hanci irin buldog su suka fi saurin faɗuwa. Sai ka yi tambayar da mutane ke mantawa, waye ke kwana a nan da dare? Naka babban kare ne mai zurfin ƙirji, irinsu ne cikinsu ke kumbura ya murɗe, abun na iya kashe kare cikin awoyi in ba a yi tiyata ba, in ƙarfe shida kowa ke kulle ƙofa ya tafi sai safiya wa zai ga yana yunƙurin amai ba abun da ke fitowa? Ka ce musu a raba masa abinci sau biyu kuma kar a sake shi guje-guje da ya gama ci.

In kana son ma'auni, a Ingila tun 2018 doka ta ce sai da lasisin ƙaramar hukuma ake wannan sana'ar, ana zuwa a duba a basu tauraro 1 zuwa 5, wajen kwana kar sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 10 ko zafinsa ya haura 26, kuma ba a haɗa karnukan gida daban-daban a keji ɗaya. Ba ko'ina ake da irin dokar ba, amma ba abun da zai hana ka yi musu tambayoyin da kanka.

Kwanan gwajin ma ka yarda. Ka tafi masa da abincin da ya saba dan canji farat ɗaya na kawo gudawa, da tsohuwar rigarka da baka wanke ba, ka ɗora shi a sikeli kafin ka kai shi ka rubuta kilo nawa ne.

TAMBAYA: Malam inda nake kai tawa kullum suna turo min bidiyo ta WhatsApp tana wasa, ai wannan ya isa ko? Ta tsufa, tana shan magani safe da dare.
Daga wata mai karatu

AMSA: Bidiyo na da daɗi Hajiya amma minti ɗaya ne cikin awa 24, kuma su suka zaɓi mintin. Ki ce su turo miki lokacin da take cin abinci, da wajen kwananta da sassafe kafin a wanke. Maganin kuwa ki ƙirga ƙwayoyin ki rubuta a takarda ku sa hannu ke da su, in kin dawo ki sake ƙirgawa, nan za ki san ko ana bata. Ki bar musu lambar likitanta da ta wani naki da zai iya yanke shawara in ba a same ki a waya ba. In kuma ta kai tsufan da bata gani sosai ko tana ruɗewa da dare, gara ki samu amintacce ya zo ya zauna da ita a gida inda ta san hanyar kwanon ruwanta.