Amsa ga mai tambaya kan jitar bes da kanta ke rinjaya ƙasa

Assalamu alaikum 'yan gida. To ƙanina, na saurari muryar da ka turo jiya, ka ce bes ɗin da ka sayo, wato jita mai kaurin sauti, da zarar ka saki wuyanta sai kan ya nufi ƙasa, har kafaɗarka ta hagu ta fara ciwo, kuma wani ya ce maka ka canza makullan tsirkiya, waɗanda ake murɗawa a kan jita don ɗaure tsirkiya, zuwa marasa nauyi. Shawarar ba laifi. Amma kar ka fitar da ko kwabo tukuna, bari ka ji.

Ka san ɗan ga-ruwa da sandarsa a kafaɗa? Idan ya matsar da garwa ɗaya can ƙarshen sanda, ko ruwan bai ƙaru ba sai ta rinjaye shi. To haka jita take. Maballin da kake maƙala maratayi shi ne kafaɗar. A bes irin ta kamfanin Fender, Precision da ta fito a 1951 da Jazz ta 1960, ƙahon sama, wato tsinin jikin jita da maballin ke kai, yana miƙewa har kusan firet na 12 (firet su ne layukan ƙarfe da ke jere a wuyan jita), shi ya sa suke zama daidai a jiki. Amma ka duba Thunderbird ta kamfanin Gibson, wadda ta fito a 1963, ko EB-3, ƙahon ba ya zuwa ko'ina, maballin na can baya, wuyan Thunderbird kuma ga tsawo. Duk wanda ya taɓa rataya su ya san wannan wahala. Naka hoton da na gani, ƙahon ba gajere ba ne sosai, jikin ne na katako mara nauyi, sai aka ɗora masa manyan makullan ƙarfe guda huɗu. Wannan shi ne irin wanda canza makulli ke yi wa magani.

Ga gwajin da nake so ka yi, kyauta ne. Makullan ƙarfe irin na da, kowanne yana kai wajen giram 90 zuwa 100 da wani abu. Marasa nauyin, irin Ultralite na kamfanin Hipshot da ake yi a Amurka ko Res-O-Lite na kamfanin Gotoh daga Japan, na alminiyam ne, suna zuwa wajen rabin haka. Ke nan idan ka canza huɗu, kamar ka cire biyu ne gaba ɗaya. To ka cire biyun mana! Ka sassauta tsirkiyoyi, ka kwance makulli biyu, ɗaya na kusa da wuya ɗaya na can ƙarshe, ka rataya jitar yadda ka saba, ka tsaya, ka saki hannu. In ta tsaya cak, to kuɗinka ba za su tafi a banza ba. In har yanzu tana sunkuyawa, wallahi ko makullin takarda ka sa ba za ta daina ba, matsalar na wajen maballi. Kuma tunda ka kwance, ka kai ɗaya wurin mai ƙaramin sikeli ya auna maka, domin wasu jitocin ai da ƙananan makullai suke zuwa, ba abin da za ka rage.

Ni kaina na yi wannan kuskuren. Na yi odar makullai, na jira kusan wata biyu, da suka iso sai ga su suna rawa a cikin rami kamar cokali a kofi. Ban auna ba. Ramin kan jita kala biyu ne aka fi samu, akwai na wajen milimita 14, akwai babba na wajen 17 da rabi zuwa 18. Hipshot suna da makulli mai sandar naɗe tsirkiya ta inci 3/8 don ƙaramin rami, da mai rabin inci don babban. Ka auna ramin katakon kansa bayan ka cire zoben da ke ciki, ba bakin zoben ba. Ka kuma duba ko duka huɗun a gefe ɗaya suke ko biyu nan biyu can.

Wajen ɗaurawa, ramukan tsofaffin sukurori za su fito fili a bayan kai. Tsinken sakace da ɗan gam na katako ya isa ya toshe su. Sabon sukuru kuwa, don Allah kar ka murɗa shi da ƙarfin tsiya. Katakon wuya yana da tauri, sukurun ƙarami ne, kansa zai guntule a ciki ka zo kana kuka. Ka fara huda siririn rami, ka naɗa salatif a jikin abin hudawa don kar ka ɓulla ta gaba, ka goga wa sukurun sabulu.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, idan nauyin kai ya canza, wurin da sauti ke saurin mutuwa a tsirkiyar G, wato mafi siranta, wajen firet na 5 zuwa 7, yana iya matsawa. Wani ya ji daɗi, wani bai ji ba. Ni dai ban damu ba, kafaɗata ta fi min.

Kafin duk wannan ma, wane irin maratayi kake amfani da shi? In irin na leda ne mai santsi da ake haɗowa da jita, jefar da shi. Ka je wurin dukawa su yanka maka fata mai faɗin inci uku ko huɗu, su bar cikin da kaushinsa. Yana kama riga, sai dai zai riƙa jan wuyan rigarka, musamman in shadda ce.

Ka yi gwajin makulli biyun yau da dare, ka turo min hoton bayan kan jitar da awon ramin, sai in gaya maka wanda za ka nema.