Amsa ga 'yar uwar da ta yi tambaya kan kuɗin yara a harajin Amurka

Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Kin ce yaranku uku, biyu suna tare da ku a Bronx, babban yana Kano wajen kakarsa. Maigida yana tuƙin Uber, ke kina kitso, amma kuɗin da ake maido wa maƙwabciyarki bayan haraji ya ninka naku. Shekarata 13 ina cike wannan takarda, na kuma taɓa ƙonewa a kanta, don haka ki saurare ni.

A harajin 2025, Child Tax Credit, wato rangwamen haraji na masu yara, dala 2,200 ne kan kowane yaro, sai dai ba duka ake miƙo miki a hannu ba. Ana fara rage harajin da ake bin ku da shi. Abin da ya yi saura ne ake maidowa, iyakarsa dala 1,700 kan yaro ɗaya, kuma ya danganta da abin da kuka nuna kun samu da guminku. A cire 2,500 daga samun naku na shekara, a ɗauki kashi 15 cikin 100 na ragowar. Gida mai yara biyu da ya rubuta 20,000 zai samu 2,625. Kafin masu yara biyu su cika 3,400 ɗinsu, sai samunsu ya haura 25,000. To ina kuɗin kitsonki? Da yawanmu muna ɓoye shi muna ganin dabara ce, alhali doka ta ce a rubuta, kuma a gida mai ƙaramin ƙarfi sau da yawa ɓoyewar ce ke rage rabon yara. Gaskiya za a caje ku kashi 15.3 na masu sana'ar kansu, amma shi ne ke tara miki Social Security, wato fanshon gwamnati na tsufa. Ki sayi ɗan littafi, duk kan da kika kitsa ki rubuta rana da kuɗi.

Maganar yaron Kano kuwa, don Allah kada ki bari kowa ya sa shi. Sharaɗi ne yaro ya zauna tare da ku fiye da rabin shekara, yana da lambar Social Security, kuma bai cika 17 ba a ƙarshen Disamba. Wanda ke makarantar kwana yana dawowa gidanku hutu, maganarsa daban. Wanda ya shekara biyu a ɗakin kaka bai shiga ba, ko da ku ke aika kuɗin cinsa da suturarsa.

Ni abin da ya same ni ke nan. Wani mai cike haraji a unguwarmu ya ce in kawo lambar 'yata da ke can gida, ba tare da mu ba, wai kowa haka yake yi. Kuɗi suka shigo, muka yi murna. Bayan shekara guda sai ga wasiƙar IRS, hukumar harajin Amurka, suna son takardar makaranta ko ta asibiti mai adireshinmu. A tsaye na karanta ta a bakin akwatin wasiƙu, cefane a hannuna, jikina ya yi sanyi. Muka biya har da ruwa, mutumin kuwa ya rufe shago, ashe ko hannu bai sa a takardar ba. Sai da muka cike Form 8862, takardar neman a maido mana da damar karɓa, kafin a sake ba mu na sauran yaran. Wanda aka samu da ganganci ana hana shi shekara 2, na zamba shekara 10.

Maƙwabciyar taki wataƙila tana haɗawa da EITC, wani rangwamen haraji wanda shi ma na masu ƙaramin albashi ne, sai dai dole ke da maigida kowa yana da lambar Social Security, lambar ITIN da ake ba marasa ita don biyan haraji ba ta yi. Ku duba takardunku na baya ko akwai Schedule 8812, takardar neman kuɗin yara, a ciki. In babu, kuna da shekara 3 ku gyara da 1040-X, takardar gyaran haraji, ku karɓi haƙƙinku.

Ki nemi masu VITA, 'yan sa kai masu cike takardar haraji, kyauta suke cikewa, sau da yawa a ɗakin karatu na unguwa, amma ki fara tambaya ko suna karɓar na masu Uber. Ki tafi da katunan yaran da 1099 na maigida, takardar da ke nuna abin da ya samu a Uber. Kuma in kun cike tun Janairu kuka ji shiru, kada hankalinki ya tashi, doka ce ta hana a saki kuɗin masu yara kafin tsakiyar Fabrairu. Allah ya raya mana su.