Tambaya da Amsa: Kuncin yaron ya huje, mu ne muka yi sake?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar mata ta taimakon kai da kai a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Gwadabawa. Duk Juma'a kowace takan ajiye abin da ya sawwaƙa, idan ɗan wata ya kwanta mu saya masa magani a kemis. Watan jiya wata ta kawo yaronta ɗan shekara 3, bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, bakinsa na wari, dasashi na jini. Muka saya masa maganin zazzaɓi da na ƙarin jini. Da kunci ya kumbura sai kakarsa ta ce iska ce, aka koma turare da shafe-shafe. Yanzu kuncin ya yi baƙi ya huje, har haƙora ake gani. Wallahi na kasa barci. Mu ne muka yi sake? Kuma yaya za mu yi da ɗan asusun nan don kada a maimaita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya. Maganar laifi ajiye ta tukuna, yaron nan yau ya kamata ya kwana a asibiti. Kada ki jira zaman Juma'a, ciri kuɗin mota daga asusun, ki haɗa uwar da wani namiji na gidan, su nufi Asibitin Yara na Noma da ke cikin garin Sakkwato. Ban ga yaron da idona ba, amma duk abin da kika lissafa kamannin noma ne. Ba noman gona ba, sunan daga Girkanci ya fito, ma'anarsa cinyewa. Asibitin yana nan tun 1999, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta Na Gari Na Kowa take aiki tare da ma'aikatar lafiya a cikinsa. Magani da aikin tiyata kyauta ne.

To, zancen iska. Malama, babu kalmar da ta ci mini rai a wannan aiki kamarta. Ciwon nan yana farawa ne daga kumburin dasashi, abin da kowace uwa ta sha gani. A jikin yaro mai ƙoshi sai ya wuce salin-alin. Amma yaron da tamowa ta riga ta cinye, ga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro sun ƙarasa karya garkuwar jikinsa, ƙwayoyin cutar da ke zaune a bakin kowa sai su samu sarari su shiga cin nama da ƙashi. Yawanci 'yan shekara 2 zuwa 6 yake kamawa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne saurinsa: ranar Litinin wari da dalalar miyau, kafin wata Litinin kunci ya kumbura ya yi tauri, ba a rufa mako biyu ba wurin ya yi baƙi ya zube. Wanda bai taɓa gani ba dole ya firgita, ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne. Alhali ciwon asibiti ne tsantsa. A matakin wari da jini, maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da Flagyl, da wanke baki, da abinci mai gina jiki, sun isa su tsayar da shi cikak, fuska ba ko tabo. Idan aka bar shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin yara 10 har 9 na iya rasuwa.

Ki duba inda kwanakin ke tafiya. Kwana biyu ana cewa haƙori ne ke fitowa. Kwana uku wurin mai kemis, wanda ko bakin yaron bai buɗe ba, ya ƙulla ƙwayoyi kala huɗu a leda. Sai a kira wanzami ya tsaga kumburin wai ya fitar da mugun jini, ya buɗe wa cutar sabuwar ƙofa. Sai mai maganin iska ya karɓi akuya, a lulluɓe yaron da zane ana tura masa hayaki, yaron da ko numfashi da ƙyar yake yi. Na sha karɓar yaro an cusa masa wani baƙin gari cikin ramin kuncin, sai mun ɓata lokaci muna wankewa kafin mu ga iyakar gyambon. Da ka tambayi mai maganin sai ya ce ai an kawo a makare. Shi bai taɓa makara wajen karɓar akuya ba.

Ban hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. A yi tofi a cikin mota, a hanya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce allura da wannan ciwo ba sa ga maciji, wai da an yi wa yaron allura shi ke nan. Ƙarya ce. Yaran da suka rasu bayan allura, kwanakin da aka ɓata a gida ne suka kashe su. Kuma ba a ɗaukar ciwon nan daga jikin wani. Ki gaya wa matan unguwa su daina janye 'ya'yansu, su daina ware wa uwar kwano. Wannan ƙyamar ce ke sa a ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki, har ya girma muƙamuƙi a kulle, sai kunu ta gefen baki. Irin waɗannan sai an yi musu tiyata sau da yawa, ita ma ba nan take ba, sai gyambon ya warke jiki ya murmure. Sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, Najeriya ce ma ta jagoranci neman hakan. Manya da kansu sun daɗe ba su waiwaye shi ba, balle ke da kike riƙe da littafin asusu a ƙauye. Niyyarku ta alheri ce, kuskuren ɗaya ne: kun sayi magani kafin wani ma'aikacin lafiya ya duba yaron.

Don haka ku daina kai kuɗinku kemis. Abubuwa da dama da yaranku ke buƙata an riga an biya. Rigakafin ƙyanda a wata 9 da wata 15 kyauta ne. Maganin kariya daga zazzaɓi da ake bi gida-gida ana bai wa 'yan wata 3 zuwa 59 da damina kyauta ne. Abincin tamowa na leda kyauta ne a wuraren da ake rabonsa, kuma don Allah na yaron ne shi kaɗai, ba na yayyensa ba, ba na kasuwa ba. Abin da ba wanda ke biya shi ne kuɗin kabu-kabu zuwa bakin titi, da na mota, da abincin mai jinya, da wadda za ta riƙe sauran yaran gida. A nan ne uwa ke karaya ta koma wa boka, don shi yana nan kusa da gida kuma yana karɓar bashi. Nan ya kamata asusunku ya tsaya. Ku yi magana da mai babur guda da za a iya tayarwa ko da tsakar dare, a biya shi daga baya.

Akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda a jiharmu ta Sakkwato hukumar inshorar lafiya ta jiha, SOCHEMA, ke yi wa marasa ƙarfi rajista a ƙarƙashinsa, ga kuma Hukumar Zakka da Waƙafi. Harkar takarda kin san ta, je-ka-ka-dawo ce, kuma ba a fara ta ranar da yaro ke kwance. Ku je wurin mai kula da asibitin mazaɓarku tun kowa na lafiya, ku tafi da mai unguwa da jerin sunayen zawarawa da marayu, ku yi ta naci.

Ki kuma roƙi mai kula da asibitin ya koya wa mutum biyu cikinku awon dantse na gano tamowa da ɗan madaurin nan mai launi uku. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, asibiti kai tsaye, haka ma yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura. Duk Juma'a idan kun taru, kowace ta zo da yaranta. Bayan an ajiye kuɗi, a haska fitilar waya, a ɗaga leɓe sama da ƙasa, a duba dasashi, a sunsuna bakin. Yaron da ya tashi daga ƙyanda kuwa uwarsa ta riƙa duba shi kullum, tana goge masa baki da tsumma mai tsabta da ruwan gishiri mai ɗumi. In an ga jini ko an ji wari, ranar za a tafi.