Ƙwan kwaɗi a kududdufin lambu

Malama, kin ce kin tarar da wani abu mai yauƙi, da ɗigo-ɗigo baƙaƙe, a ɗan kududdufin lambunki a Ingila, ko ki kwashe? A'a, bar shi. Ƙwan kwaɗi ne, kuma Fabrairu zuwa Maris lokacinsu ke nan, da sanyi ya fara sassautawa. Cikin mako biyu zuwa huɗu za ki ga talibambam, wato 'ya'yan kwaɗi.

Yawan kada ya tsorata ki. Kifi da tsuntsaye da ƙwarin ruwa za su cinye mafi yawa, kaɗan ne ke zama kwaɗi. Wanda ɗigonsa ya yi fari ya mutu, galibi ƙanƙara ce ta kama shi.

Amma don Allah kada ki ɗiba ki kai kududdufin maƙwabta, haka cuta ke yaɗuwa. In ruwan ya ja baya, ƙara na sama, na famfo akwai sinadarin kulorin.