Amsa ga ƙanenmu mai son zuwa Ingila buga zari-ruga ta 'yan 13

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce shekarunka 22, ka gama digiri, kana buga zari-ruga a gida shekara uku, kuma wani ejan ya ce ka ba shi kuɗi ya samo maka takardar gwaji a wata ƙungiya, ka shigo da bizar karatu, in ka iso sai a sa hannu a kwantiragi. Burinka ka buga na wasu shekaru, daga baya ka zama koci. Mu da ke zaune a arewacin Ingila, inda wasan yake da gindi, ga abin da muka sani.

Kada ka ba mutumin nan ko sisi. Abin da ya tsara maka doka ce ta hana shi kai tsaye. Bizar karatu ta Birtaniya ta yarda ɗalibin jami'a ya yi aikin awa 20 a mako lokacin karatu, amma ta haramta masa aiki a matsayin ƙwararren ɗan wasa, har da koci mai albashi. Bizar da ake ba wanda ya gama karatu don ya tsaya ya nemi aiki ita ma ba ta yarda ya zama ƙwararren ɗan wasa ba. Kuma a wurin jami'an shige da fice, ma'anar ƙwararre tana da faɗi: ko albashin bai taka kara ya karya ba, rajista kawai da ƙungiyar da ke biyan 'yan wasanta tana iya jefa ka ciki. In aka gano, bizar ce za ta tafi, da karatun, da kuɗin makarantar da iyaye suka tara.

Bizar ɗan wasa daban take. Sai ƙungiya mai lasisin ɗaukar baƙi ta nemi mutum da kanta, sannan hukumar wasan ta Ingila, RFL, ta rubuta shaidar cewa ya kai matsayin da ake nema. Abin da ake dubawa shi ne yawan wasannin da ya buga kwanan nan a manyan gasa, irin NRL ta Ostireliya, ko a tawagar ƙasa mai matsayi. Sharuɗɗan a rubuce suke a shafin hukumar, ana sabunta su, ka karanta da idonka. Bayan wannan kowace ƙungiya tana da ƙayyadadden adadin 'yan wasan da ba a ƙasar aka rene su ba, ga kuma iyakar albashi ta kusan fam miliyan 2 a shekara da za a raba wa mutum wajen 30. Shi ya sa gurbin baƙo yake tafiya ga ɗan Ostireliya ko Niyu Zilan ko Fiji ko Papua New Guinea wanda an riga an ga wasansa a talabijin. Gwaji kuwa ana iya zuwa yi da bizar ziyara, muddin ba a gaban 'yan kallo masu biyan kuɗi ba, kuma ba a sa hannu a fara aiki da ita. Ƙungiyar kirki ba ta sayar da gwaji. RFL tana yi wa ejan-ejan rajista. Ka tambayi naka sunansa na rajista, ka rubuta wa ƙungiyar ta adireshin da ke shafinta ka ji ko sun san da zancen.

Sai batun wasan kansa, domin da yawa a gida suna haɗa shi da na 'yan 15. Sun rabu tun 1895, lokacin da ƙungiyoyin arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle, saboda an hana su biyan ma'aikatan ma'adinai da masaƙu kuɗin yinin da suka rasa don wasa. Har yau garuruwan nan ne gidansa: Wigan, St Helens, Warrington, Leigh, Leeds, Bradford, Castleford, Wakefield, Hull, kusan duk a jere a bakin babbar hanyar M62. Minti 80 ne. Mai ƙwallo yana da kamu shida, in ba a ci ba ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Duk sanda aka kayar da mutum, masu tsaro sai sun ja baya mita 10 sannan su sake tasowa a layi ɗaya. Wannan ja-da-baya da tasowa shi ke karya baƙo. Za ka ga saurayi mai ƙirar ƙarfi, mai gudu kamar barewa, minti 15 da farawa ya dafa gwiwa yana haki, ya makara taku biyu wajen komawa layi, kuma ta wannan ɓarakar ake wucewa a dangwala ƙwallo a ci maki 4. Yaran garuruwan nan tun suna shekara shida suke koyon inda ake sa kai da kafaɗa wajen kamu. A shekara 15 zuwa 16 manyan ƙungiyoyi suke zaɓar su, su wuce ajin 'yan ƙasa da 18, sannan ƙungiya ta biyu, ko a ba da su aro ƙasa su yi ƙwari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai shekara 22 irinka yana gogayya ne da wanda ya riga shi da wajen shekara 13 a fili.

Za a kawo maka misalin Martin Offiah, kuma gaskiya ne iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma a makare ya shigo. A wasan 'yan 15 yake, kocin Widnes, Doug Laughton, ya gan shi a 1987 ya ɗauko shi, kakarsa ta farko ya dangwala sau 42. A 1992 Wigan ta saye shi fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya ba a lokacin, ya gama da ci sama da 500. Amma a Landan aka haife shi, babu maganar biza a kansa, kuma ɗan gefe ne, wurin da gudu zalla yake iya rufe ƙarancin gogewa fiye da ko'ina a fili.

Wanda ya fi dacewa ka duba, tun da koci kake so, shi ne Shaun Wane. Ɗan Wigan ne, ɗan gaba mai ɗaukar karo, ba tauraro mai ƙyalli ba. Ya shiga ƙungiyar garinsu a farkon shekarun 1980 daga ƙungiyar unguwa ta St Patricks. A 1987 shi aka zaɓa gwarzon wasa ranar da Wigan ta doke Manly ta Ostireliya da ci 8 da 2. A 1990 ya koma Leeds, daga nan Workington, ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30 ko kusa. Ba wanda ya miƙa masa ƙungiya. Ya yi aikin yini kamar kowa, sai a 2003 ya dawo Wigan yana yawon filayen yara yana farautar masu baiwa, sannan aka ba shi matasa, ya yi shekaru da su. A 2010 ya zama mataimakin babban kocin Wigan, Michael Maguire, sai kakar 2012 ya zama babban koci, wato kusan shekara 18 bayan wasansa na ƙarshe. Daga nan ya ci Super League, babbar gasar ƙungiyoyin Ingila, a 2013 da 2016 da 2018, da kofin Challenge a 2013, kuma da yawa cikin waɗanda suka ɗauko masa kofunan yaran da ya rena ne da hannunsa. A 2020 aka ba shi Ingila, ya kai ta kusa da ƙarshe a gasar duniya da aka buga a 2022, Samoa ta cire su da ci 27 da 26. Wannan ɗan gari ne da kowa ya san gidansu. Wanda ke riƙe da Wigan tun 2022, Matt Peet, bai ma taɓa buga Super League ba. Digiri ya yi, ya fara da horar da yara, ya hau mataki-mataki. A nan ne muke ganin ƙofa ga irinka.

In kana da halin karatu na gaske, ka nemi digiri na biyu a abin da ƙungiyoyi ke buƙata: kimiyyar wasanni, gina ƙarfin jiki, gashin ƙashi, ko nazarin wasa ta bidiyo. Jami'ar Leeds Beckett ta yi suna a binciken wannan wasa, tana aiki da Leeds Rhinos. Ka yi lissafi tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ban da kuɗin makaranta, sai ka nuna kuɗin zama sama da fam 1,100 na kowane wata har wata tara in a wajen Landan ne, kuma su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun yi ƙasa ba ko na yini ɗaya. A nan ake yawan faɗuwa: a ranto kuɗi a zuba, a cire kafin kwanakin su cika. Ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara, ga gwajin tarin fuka a asibitin da aka amince da shi. Adadin yana canzawa, ka duba shafin gwamnati kafin ka cike.

In ka iso, ka buga wa jami'a ko ƙungiyar unguwa da ba ta biyan kowa; wannan an yarda. Kafin ka sa hannu a kowace takardar rajista, ka kai ta ofishin ɗalibai baƙi na jami'arku, su ba ka amsa a rubuce. Kada ka karɓi ko fam 30 na “kuɗin wasa” a ambulan bayan tashi. Ka yi kwasa-kwasan koci na RFL, mataki na ɗaya da na biyu. In da yara za ka yi aiki, sai an binciki tarihinka an tabbatar ba ka da laifi, kuma sai ka yi kwas na kare yara. Ka taho da takardar shaidar 'yan sanda daga gida, za ta rage maka jira. Aikin farko shi ne jera alamomi a fili da daren hunturu, cikin ruwa da laka, da cika gorunan ruwa, da riƙe jakar karo yara suna dukanta da kafaɗa. A nan manya suke gane wanda za a iya bar wa yara.

Ka kula da jikinka. Sai da robar kare haƙora, kuma duk wanda kansa ya bugu ana fitar da shi, ba ya dawowa sai ya bi matakan hutu. Kada ka ɓoye jiri don a bar ka a fili. Tsinkewar jijiyar gwiwa tana cin kusan wata tara, ga ɗalibi kuwa shekarar karatu ce sukutum. Kakar manya daga Fabrairu zuwa Oktoba take, don haka azumi yana faɗowa cikinta a wasu shekarun. Hazem El Masri ya yi shekaru yana buga wa Canterbury a Ostireliya yana azuminsa, ka faɗa wa koci da wuri kawai a daidaita maka atisaye. Naman halal da masallatai ba matsala ba ne a Bradford da Leeds.

Kuma kada ka raina na gida. Najeriya ta ci gasar Gabas ta Tsakiya da Afirka a Legas a 2019, ta sake ci a Gana a 2022. Rigar ƙasa da bidiyon cikakken wasa na minti 80, wanda ake ganin lambarka da yadda kake komawa layi, sun fi gutsattsarin minti biyu na gudu daraja a idon mai farauta. Ka fara tara su tun wannan kakar, ka nemi yara goma sha a unguwarku ka riƙa horar da su kana rubuta abin da ka koyar kowane mako, domin takardar neman gurbin karatu za ta tambaye ka abin da ka riga ka yi. Ka turo mana sunan kwas da jami'ar da ka zaɓa kafin ka biya kuɗin ajiye gurbi, mu duba maka ko tana da lasisin ɗaukar ɗalibai baƙi. Ka gaida su Baba da mutanen gida.