Amsa: sunayen kwastomomi sun rikice bayan haɗa Access da jerin SharePoint

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce kana da tebur biyu a Access, manhajar rumbun bayanai ta Microsoft, na kwastomomi da na oda. Ka kai na kwastomomi SharePoint, dandalin Microsoft na ajiye bayanai a yanar gizo, inda ya zama jeri, ka haɗo shi da Access, ka bar na oda a kwamfutarka. Yanzu wasu odojin suna nuna sunan wanda ba shi ya saya ba, wasu kuma gurbin sunan fayau. Kafin ka taɓa komai, ɗauki kwafin fayil ɗin ka ajiye gefe, kuma ka hana ma'aikata gyara sunayen da hannu, don hakan ƙara dagula lissafin zai yi.

Gurbin nan da kake zaɓar sunan kwastoma a ciki ba suna yake ajiyewa ba. Lamba yake ajiyewa, sunan nuna maka kawai yake yi. Duk lokacin da ka buɗe fom, sai ya ɗauki lambar ya je teburin kwastomomi ya tambayi mai ita. To matsalar ita ce SharePoint ba ya karɓar lambar ID, wato lambar shaidar kowane layi, daga hannun kowa, da kansa yake rabawa, daga 1 yana hawa. Tsohon teburinka kuwa tabbas akwai giɓi a ciki, domin Access ba ya sake ba da lambar wanda aka goge. A ce ka taɓa goge kwastoma mai lamba 8. Wajen ƙaura, na 1 zuwa na 7 za su iya samun lambobinsu yadda suke, amma mai 9 ya koma 8, mai 10 ya koma 9, haka kowa zai yi ta zamewa, kuma kowane giɓi na gaba yana ƙara tazarar. Odar da ke riƙe da 9 tana nan da 9 ɗinta, sai dai yanzu 9 ta wani ce. Waɗanda suka fito fayau kuwa su ne masu manyan lambobin da sabon jerin bai kai gare su ba. Shi ya sa mutum zai duba layukan farko ya ga komai daidai, hankalinsa ya kwanta, alhali ɓarnar tana can ƙasa. Na ga ofishin da aka yi ta aika wa mutane takardar bashin da ba nasu ba saboda wannan, kuma ba saƙon kuskure ko ɗaya da ya fito.

Ga yadda za ka tabbatar. Buɗe teburin oda kai tsaye, a cikin kwafin da ka ɗauka, ka mayar da gurbin ya zama akwatin rubutu zalla don ka ga lambar tsirara. Zaɓi wata oda ta kwanan nan da ka san mai ita, ka nemi lambar kwastoman da take riƙe da ita a jerin. In ta faɗa kan wani mutum daban, an gama bincike.

Gyaran ba wuya in tsohuwar lambar tana nan. Idan da kayan ƙaura na Access ka kai teburin, duba jerin da kyau, yawanci za ka tarar da gurbi mai suna _OldID, a nan tsofaffin lambobin suke. In babu, koma tsohon teburin ka dawo da su ta hanyar wani abin da ba ya maimaituwa, kamar lambar rajista. Kada ka dogara da suna, mutum biyu kan yi suna ɗaya. Daga nan ka ƙara sabon gurbi a teburin oda, ka haɗa lambar kwastoma da ke cikin teburin oda da tsohuwar lambar da ke cikin jerin, ka zuba sabon ID a sabon gurbin. Kada ka rubuta a kan tsohon. Sai ka gwada, ka gamsu, sannan ka juya fom ɗinka ya dubi sabon.

Ni dai ra'ayina, muddin teburin oda zai ci gaba da zama a kwamfuta, gara ka ba kowane kwastoma lambar da kai ka ƙirƙira, a gurbinta daban, ka hana ta maimaituwa, ka riƙa haɗawa da ita. Ranar da wani ya goge jerin ya sake gina shi, ID zai sake sauyawa, taka kuwa tana nan. Af, ko da suna ɗaya aka sake gina shi, haɗin zai yanke, domin Access da wata doguwar lambar shaida yake gane jeri, ba da sunansa ba. Dole ka cire haɗin ka sake yi.

Idan lambobin sun dace amma har yanzu akwai matsala, akwai sauran wuraren dubawa. Saƙon Type mismatch in expression yana nufin ka haɗa lamba da rubutu; duba nau'in gurbin a ɓangarorin biyu. Idan an ƙara gurbi ko an sauya shi a SharePoint, Access ba zai sani ba sai ka danna teburin da maɓallin dama, ka shiga More Options, ka zaɓi Refresh List. In kuma sabon kwastoma ya ƙi bayyana, je Options, sashen Current Database, ka kunna Clear Cache on Close, ka rufe ka buɗe, don Access yana riƙe kwafin jerin a cikinsa.

Wannan kwafin yana da wani tarko da ya shafe ka kai tsaye. Idan intanet ta ɗauke aka shigar da sabon kwastoma, Access zai ba shi lambar wucin gadi mai alamar ragi, kamar -1, sai an sake haɗuwa ya samu ta gaskiya. In aka rubuta masa oda a wannan tsakanin, teburinka na kwamfuta zai riƙe -1 ɗin. Nemi duk odar da lambar kwastomanta ta gaza sifili.

Ka kuma sani Access ba ya iya tilasta dangantaka tsakanin tebur na gida da wanda aka haɗo. Wani zai iya goge kwastoma a SharePoint, odojinsa su zama marayu ba tare da gargaɗi ba. Hana gogewar sai in jerin biyu duk suna SharePoint, a wuri ɗaya, ka kunna Enforce relationship behavior. Jerin SharePoint ba zai taɓa iya leƙo teburin da ke kwamfutarka ba. In ka yanke shawarar kai odojin can, ka tuna cewa a duba ɗaya (view) akwai iyakar layi 5,000 da kuma ta gurbin ɗebo bayani daga wani jeri (lookup) 12, kuma guraben sunayen ma'aikata suna cikin lissafin 12 ɗin. Sa fihirisa (index, mai saukaka nema) tun jerin bai girma ba.

Yi gwajin lambar tukuna, ka dawo ka faɗa mana ko ka ga _OldID. In babu shi, rubuto sunayen guraben teburin biyu mu ga da wanne za a haɗa.